Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Kwamitin Maƙera da Maharban Zangon Kumasi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma Minista, Sarkin Zango da hakimansa, limamai, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Wanda ya baro Akra da asuba ya sha ƙurar Nkawkaw don ya zauna da masu hannu baƙi da gawayi ba ya bukatar a yi masa kirari, zuwansa ya isa shaida. Allah ya ƙara girma, ya sa ka fi haka.

Tun kafin shayi ya huce za mu faɗi abin da ya tara mu, kada lokaci ya ƙure a ce an manta. Muna roƙon a yi mana rajista, a ba mu izini a rubuce na gyaran bindigogin farauta masu lasisi, a kuma kafa wurin gwajin bututun bindiga a nan Kumasi. Sauran maganar duk bayanin wannan ne.

Mu ba baƙi ba ne a garin nan. Turawan da suka shigo Kumasi a 1817 sun tarar da malaman Musulmi a fadar Sarkin Asante Osei Bonsu. Kakanninmu fataken Gwanja ne, goro ya kawo su, kuma da yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892 da yawa suka gangaro kudu, wasu da jakai, wasu da zugazugi da masaba a ka. Fartanya da adda, linzami da ƙofar ƙarfe, duk mun ƙera wa Tonawa, wato Asante, su kuma suka ba mu wurin zama. Muna gode wa fadar Manhyia, gidan Sarkin Asante, a kan wannan har gobe. Sojan ƙasar nan ma da Hausa aka fara ba shi umarni, daga 'yan sandan Hausa na 1879 har zuwa rundunar da ta je ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Gaskiya ne akwai Hausawa a ayarin Kyaftin Glover a yaƙin Ingila da Asante na 1874, amma muna tuna wa 'yan'uwanmu Tonawa cewa sun iso ne bayan an riga an ƙone garin, a sassauta mana.

Wannan yaƙin, wanda ake kira Sagrenti, shi muke so ka duba da kyau, ranka ya daɗe. Mayaƙan Asante sun fito da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a tura da sanda, a jira ƙanƙara ta ba da wuta. Sojan Ingila kuwa Snider ce a hannunsa. To mece ce Snider? Tsohuwar bindiga ce, Enfield ta 1853, ita ma ta baki ake ɗura ta. Da harsashi mai kwanso ya fito, Ingila ba ta zubar da tsofaffin ba. A 1866 ta karɓi dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider, aka gyara gindin bututun aka sa masa murfi mai buɗewa, tsohuwa ta koma cin sabon harsashi. Wato aikin maƙeri ne ya yi galaba a Amoaful, inda aka gwabza a wannan yaƙin. Haka suka sake yi wa bindigar Martini-Henry daga baya, suka mayar da ita mai cin harsashin .303. A can ana kiran wannan fasaha, ana ajiye shi a gidan tarihi, har a tsohon sansanin soja da ke tsakiyar garin nan za ka ga bindigogin zamanin. A nan kuwa, tun yarjejeniyar Burasel ta 1890 aka ce Baƙar fata ya tsaya a kan bindigar toka, kuma dokar makamai ta Gana ta 1972 ta zo ta hana ƙira sai da izinin hukuma a rubuce. Izinin ne ba mu taɓa ganin launin takardarsa ba. Abin dariya, unguwar da dubban masu aikin ƙarfe ke cin abinci a Suame sunanta Magazin, kuma daga ma'ajin makaman Turawa ta samo sunan.

Ba za mu ɓoye maka ba, mu kanmu bakinmu bai zo ɗaya ba. Dare uku muka yi muna gardama kafin a rubuta wannan takarda. Samarinmu sun ce zamani ya wuce harba-ka-ruga: maharbi yana son ya karya bindiga ya sa harsashi ya rufe, gyazbi ba ya jiran mai ɗura albarushi, don haka a bar su su sabunta na gado su kuma fito da sabon fasali nasu na kansu. Dattawa suka ce a bi a hankali. Albarushin da, baƙi ne, mai hayaƙi. Wanda ke cikin harsashin kanti marar hayaƙi ne, irin da Faransa ta fito da shi a 1884, kuma ƙarfin da yake matsa wa bututu ya fi na da nesa ba kusa ba. Bututun da ya yi wa kaka hidima shekara arba'in yana iya tsagewa a harbin farko. Ba labari muke ba ka ba. Yaron da ya taso a gabanmu yana zaune can baya da yatsu uku a hannun hagu, saboda wani da ba mu san inda ya koyi ƙira ba ya gyara masa ta gado a ɓoye, da dare.

Da aka gaji da musu sai Sarkin Maƙera ya ce duk ku biyun kuna da gaskiya, amma ido ba mudu ba ne. Ƙarfe ba a gane cikinsa da kallo ko da ƙwanƙwasawa. Turawan da suka gyara Snider suna da gidan gwaji a Bamingham tun 1813, inda ake harba kowane bututu da abin da ya fi ƙa'ida ƙarfi, wanda ya jure a buga masa hatimi, wanda ya fashe ya fashe a ɗaki ba a fuskar mutum ba. Shi muke nema, ranka ya daɗe. Ɗaki ɗaya ya isa a fara. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah tana nan kusa, injiniyoyinta sun daɗe da sanin hanyar Suame.

Mun san abin da za a faɗa maka idan ka koma: bindigar gida ce a hannun 'yan fashi. Haka ne, kuma mu ma ana tare mu a hanya. Sai dai wanda ke ƙera wa ɓarawo ba zai zo ya zauna a gabanka da rana tsaka ba. Mu da muka zo, a rubuta sunayenmu. Duk bindigar da ta shigo maƙerarmu mu ga lasisinta, mu shigar da lambarta da sunan mai ita a littafi, hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da dokar 2007 ta zo ta duba duk ranar da ta ga dama. Wanda ya saɓa, mu za mu fara nuna shi.

Akwai kwata da ke cika mana rumfuna da damina, akwai wutar lantarki, akwai yaran da ke son takardar shaidar koyon sana'a. Suna cikin takarda ta biyu, ka duba idan ka huta.

Ta farkon ce ke hana mu barci. Sau uku muna aika ta Akra, sau uku shiru. Ranar 1 ga Disamba ake buɗe farauta bayan hutun da ke farawa a watan Agusta, kuma maharba za su fito da abin da ke rataye a ɗaka, gyararre ko tsatsattse. Muna roƙo, don Allah, kafin wannan rana mu ji amsa, ko da ta gwaji ce ga mutum goma.

Ga fartanya da Sarkin Maƙera ya ƙera da hannunsa, ga ƙwaryar goro. Ga kuma takardar, a karo na huɗu, hannu da hannu.

Allah ya mai da kai gida lafiya.

Sakataren kwamiti, a madadin Sarkin Maƙera da Sarkin Maharba.