Ƙwayar Gobe da ta Jibi

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma duk ɗan Damagaram ya san abin da ke bin bayan ruwan farko. Tabkunan cikin gari su cika, ruwa ya kwanta a lungunan Birni da Garin Malam, sauro ya samu wurin hayayyafa.

Tun 2013 Nijar ke raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ana yinsa wata-wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Ma'aikata su bi gida-gida, su ba yaro kason farko a gaban idonsu, su cika kati, sannan su bar wa uwa ƙwaya biyu: ta gobe da ta jibi.

To, a nan gizo ke saƙar. Lokacin noma ne. A ƙauyukan Mirriya da Magariya uwa ta yi sammakon gona, yaro na hannun yayarsa, ƙwayar kuwa tana ƙulle a bakin zane. Wata kuma yaron ya tofar, tausayi ya kama ta, ta ce bari ta ajiye sai ranar da jikinsa ya yi zafi. A takardar da za ta tafi Yamai, wannan yaro ya sha magani. Sauro kuwa bai san takarda ba.

Shi ya sa muke roƙon masu tsara aikin, daga hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa har zuwa gundumomi: in an ware kuɗin raba magani, a ware na komawa. A samu mace a kowace unguwa, wadda matan suka sani suka yarda da ita, ta leƙa gidaje rana ta uku. Masu unguwa da limamai su riƙa tunatarwa bayan sallar magariba, lokacin da mutane suka dawo daga gona. Kayan gwajin jini da maganin warkarwa kuma su isa gidajen likita na karkara tun hanya ba ta yanke ba.

Maƙwabciyarmu Aljeriya ta samu shaidar rabuwa da cutar daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019, bayan fiye da shekaru uku a jere babu wanda ya kamu a cikin ƙasar. Marasa lafiya aka ƙirga, ba ƙwayoyin da aka raba ba. Mu ma a ƙirga mana yaran da ke kwance bibbiyu a gado ɗaya a gidajen likita a watan Satumba, a faɗa mana a wannan gidan rediyo ko sun ragu a kan na bara.