Ƙulle-ƙullen da ke Saiwar Wake

Rabi: Assalamu alaikum, masu saurare, daga nan Aboabo a Kumasi. Kawu Sani, wani manomi daga Ejura ya ce ya tuge wakensa ya ga ƙulle-ƙulle a saiwa. Ciwo ne?

Kawu Sani: Ko kaɗan, 'yata. Arziki ne. Ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira rizobiyam suke shiga saiwar, shukar ta gina musu ɗaki. Iskar nan da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cinsa haka. Su ne ke juya shi ya zama abincinta, ita kuma ta ciyar da su da sukarin da ganyenta ya haɗa.

Habu: Wake kaɗai, Kawu?

Kawu Sani: Har gyaɗa da gujiya da waken soya. Masara ba ta yi.

Rabi: To yaya mutum zai gane suna aiki?

Kawu Sani: Idan waken ya kusa fure, a tona a hankali, a fasa guda da farce. In cikin ja-ja ne, aiki na tafiya. In fari ne ko kore, ko bai fara ba ko ya gama. A kula kuma: ƙullin kirki yana ɓallewa da yatsa, amma kumburin da ƙananan tsutsotsin ƙasa ke jawowa jikin saiwar ne kanta, ba ya fita.

Habu: Ke nan asarar kuɗi ne zuba wa wake yuriya, takin naitirojin?

Kawu Sani: Abin da ke ci mini rai ke nan. In ta yi yawa, shukar sai ta rage yin ƙullin. Takin fosfat ya fi buƙata. Waken soya kuma, akwai garin ƙwayoyin rizobiyam da cibiyar binciken noma ta Nyankpala, kusa da Tamale, ke yi, a cuɗa iri da shi kafin shuka.

Rabi: Amma Kawu, harawar fa? Buhu-buhu ake kawo mana ita Zango saboda raguna.

Kawu Sani: Nan gizo ke saƙar. Yawancin naitirojin ɗin yana cikin ƙwayar waken da harawa. In an kwashe duka, kaɗan ne zai rage wa masarar baɗi. Ban ce a hana dabba ci ba, amma a bar saiwa a ƙasa, kashin ragunan kuma a mayar da shi gona.

Habu: Mu da muke zubar da shi a bola!

Rabi: Masu kiwo na Asawase, masu motocin Ejura da wofi suke komawa. Ku yi magana da su, su kai kashin ragunan gona.