An Koro Ɗanka Daga Makaranta: Me Doka Ta Ce, Kuma Wa Zai Tsaya Masa?

[Hoto: tashar mota a Birnin Kebbi, yaro ya sauko da akwatin ƙarfe da katifa a ɗaure]

A ce ranar Laraba ce, ana tsakiyar zangon karatu, sai ga ɗanka ya yi sallama da akwati a ka. A hannunsa akwai takarda mai layi uku: an dakatar da shi sai abin da hali ya yi, saboda rashin ɗa'a. Ɗan aji biyar ne a sakandaren kwana, shekararsa 16. Ka tambaye shi abin da ya faru, ya ce waya ce ta ɓace a ɗakin kwana, wani ya ce ya gan shi kusa da akwatin mai wayar. Aka kira shi ofis, aka miƙa masa takarda da biro, aka ce ya rubuta shi ya ɗauka, in ya rubuta magana ta mutu. Tsoro ya kama shi, ya rubuta.

Yawancinmu ɗayan biyu za mu yi. Ko mu ɗauko bulala, ko mu sa babbar riga mu nemi dattijon unguwa ya raka mu ba da haƙuri. Ban raina ba da haƙuri ba, ya kashe wuta da yawa a garuruwanmu. Amma wanda ya je ba da haƙuri tun bai ji ba'asi ba, ya riga ya amsa wa ɗansa laifin da wataƙila bai yi ba. Iyaye, ku fara zaunar da yaron, ku bar shi ya yi magana har ya dire, ku rubuta abin da ya faɗa tun yana sabo a kansa: wace rana, wa ya kira shi, su wa ke cikin ofis, an dake shi ko an yi masa barazana.

[Hoto: kundin tsarin mulkin Najeriya, an buɗe sashe na 36]

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi bisa adalci kafin a yanke masa hukunci. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun a makarantar zaure muka ji cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. A makaranta, ma'anar hakan ita ce a gaya wa ɗalibi ainihin abin da ake zargin sa da shi, a ba shi lokacin shiryawa, ya ji abin da shaidu suka faɗa a kansa, ya mayar da martani, kuma wanda zai yanke hukuncin kada ya zama yana da hannu a rigimar.

Akwai shari'ar da duk lauyan Najeriya ya san ta, ta Garba da Jami'ar Maiduguri. A 1983 ɗalibai suka yi bore a jami'ar, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, aka kori wasu ɗalibai. Suka tafi kotu, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1986 ta soke korar. Me ya sa? Wanda ya shugabanci kwamitin, wato mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda boren ya shafa, ka ga ya zama mai ƙara kuma alƙali. Sannan laifukan da aka jingina wa ɗaliban, irin su ƙona gini da sata, manyan laifuka ne da kotu kaɗai ke da hurumin cewa wane ya aikata su. Kotun ba ta ce bore daidai ne ba. Cewa ta yi ko wanda ake ganin ya yi laifi, sai an bi hanya kafin a raba shi da karatunsa.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Makaranta tana da ikon ladabtarwa, dole ne ma ta yi, domin sauran yaran da ke ciki su ma amana ne. A 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, Kotun Ƙoli ta amince cewa jami'a na iya dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike. Abin da uba zai nema shi ne binciken ya zama na gaske, kada dakatarwar wucin gadi ta rikiɗe ta zama kora ba tare da an taɓa kiran yaron ba.

[Hoto: uba zaune a ofishin shugaban makaranta]

To idan ka je makarantar, me za ka ce? Ba faɗa ya kai ka ba. Malami uba ne, ka gaishe shi da girmamawar da ta dace, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni zargin a rubuce, a nuna mini dokar makarantar da aka ce ya karya, kuma ranar da kwamiti zai zauna a bar ni in zauna kusa da shi." Neman wannan ba rashin kunya ba ne. Ka nemi kwafin takardar da yaron ya rubuta. Idan tsorata shi aka yi, ka rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa cewa an karɓi bayanin ne ba tare da wani babba nasa a wurin ba, kuma yaron ya ce tilasta masa aka yi. Ka yi kwafi biyu, a buga hatimi a naka. Maganar baki iska ce, takarda ita ke zama.

Idan ba a saurare ka ba, akwai kwamitin iyaye da malamai, akwai ofishin ilimi na shiyya, akwai ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi. Ɗaliban manyan makarantu, ko a Aliero kake ko Kalgo, ko Argungu ko Zuru, ku nemo littafin dokokin ɗalibai da aka ba ku lokacin rajista, domin a ciki ake fayyace yadda kwamitin ladabtarwa ke zama da inda ake ɗaukaka ƙara. Makarantar kuɗi kuwa, ka duba takardar da ka sa wa hannu ranar da ka kai yaron, ita ce yarjejeniyar da ke tsakaninku.

Zan ɗan tsaya a kan 'ya'ya mata, domin nan abin ya fi yi mini ciwo. Namiji in an kore shi, sau da yawa akan nema masa wata makarantar. Yarinya in aka koro ta da zargin da ya taɓa mutuncinta, wasiƙa ce aka ce an kama, ko waya, ko an ce an gan ta da wani, to kafin gari ya waye magana ta zaga unguwa, kuma ƙarshen bokonta ke nan a gidaje da yawa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ba a bincika ba. Inna, Baba, ku tsaya mata har a ji nata bakin, kuma ku nemi a yi zaman a sirrance da malama mace a wurin. Jihar Kebbi ta samu dokar kare haƙƙin yara a 2022, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, kuma ruhin irin wannan doka shi ne a fifita maslahar yaro a duk hukuncin da ya shafe shi.

[Hoto: ƙofar caji ofis]

Magana takan canja idan 'yan sanda suka shigo. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya ga lauya, kuma idan akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Beli kyauta ne. Kada yaro ya ba da bayani shi kaɗai. Haka satar amsa: da yawa suna ɗaukar ta wasan yara, alhali dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun, ga wanda bai kai shekara 18 ba. Duk zargin da zai iya kaiwa kotu, a nemi lauya kafin a sa hannu a komai.

Idan kuwa yaron ya aikata, kada ka koya masa ƙarya. Lauya zai iya taimakawa a biya wanda aka zalunta haƙƙinsa, a nemi hukunci daidai girman laifin, a roƙi a bar shi ya zana jarrabawarsa ko a ba shi takardar canjin makaranta.

Na san tambayar da ke zuciyarka: ina kuɗin lauya? Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, an kafa ta tun 1976, a allon ofishinta za ka ga an rubuta Legal Aid Council, tana da ofis a jihohi har da Kebbi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, musamman idan an yi wa yaro dukan da ya ji rauni ko an wulaƙanta shi, abin da sashe na 34 ya haramta. A irin wannan, ka kai shi asibiti a ranar, ka adana katin. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA mai tsaya wa mata da yara, da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da ke karɓar ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati ba tare da ko sisi ba.

Sai dai kada a yi sanya. Akwai dokar da ta ce duk ƙarar da za a kai jami'an gwamnati a kan aikinsu a shigar da ita cikin wata 3 da faruwar abin, kuma ta sha kayar da masu gaskiya da suka tsaya jiran a yi musu alfarma. Ko kana kan neman sulhu, ka je ka ga lauya a makon farko. Ka riƙe takardar dakatarwar, da kwafin wasiƙarka mai hatimi, da sakamakon jarrabawoyinsa na baya, da sunayen ɗaliban da suka ga abin da ya faru. Ka tafi da yaron kansa, domin shi lauyan zai fara yi wa tambaya.