Sharhi: Manhajar farko ba ta buƙatar AI

Jama'a masu saurare, tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, da wuya matashi ya nuna maka manhajar da yake haɗawa a nan Maradi bai ce zai sa mata ƙirƙirarriyar basira ba, wato AI. Manhajar rubuta bashin 'yan kasuwa, AI. Ta cinikin wake da gyaɗa, AI. Haba jama'a! Wane ɗan kasuwa ne ya roƙe ku?

Mu ɗauki ta bashin. Duk tambayar da aka yi wa AI sai ta je wata babbar kwamfuta a ƙasar waje ta dawo. Rezo ya ɗauke ranar kasuwa a Ɗan Issa ko Tibiri, shi ke nan, manhaja ta zama hoto. A ce a zuba shi cikin wayar kanta? Ƙaramar Itel mai giga biyu ba za ta ɗauka ba. Ga kuma kuɗi: kamfanonin AI suna caji ne bisa gutsattsarin kalmomi, da dalar Amurka, ta katin banki, kuma Hausa ta fi Faransanci cin gutsattsarin. Kai ba ka karɓi ko sisi daga mai shago ba, lissafinka yana hawa.

Babbar matsalar ma ita ce ƙirga. A bakinmu dala ɗari sefa 500 ce, jaka kuma sefa 1000. Na'urar da ta koyi Hausa daga rubutun intanet tana iya ɗaukar dalar nan a matsayin ta Amurka. Kuskure ɗaya irin wannan a littafin bashin Alhaji ya isa ya goge manhajar, ya kuma gaya wa duk 'yan layinsu.

Wasu za su ce masu zuba jari ba sa kallon abin da babu AI. To su ne za su rubuta bashin? Hujjar da na ɗan saurara ita ce ta waɗanda ba su iya rubutu ba, wai AI zai ji maganarsu ya rubuta musu. Ita ma tana da magani: a sa maɓallin naɗar murya kamar na WhatsApp, a liƙa muryar jikin sunan wanda ake bi.

Fitowar farko, abu huɗu: suna, adadi, rana, da tunatarwa ta SMS. A adana komai a cikin wayar, ta tura idan rezo ya dawo. A ba 'yan kasuwa ashirin su yi wata uku da ita, a riƙa zuwa shago ana rubuta inda suke maƙalewa. In aikin da ke cin lokacinsu ya fito fili, kuma lissafi na yau da kullum ya kasa shi, sai a zauna a yi maganar AI a fitowa ta biyu.