Gwamnan da ya goge Talata

To jama'a, abu uku na yi alkawari a kan mulkin Sifaniya a Filifin. Na baya kuna jina?

Na farko, nisa. Daga 1565 har 1821, ta hannun Meziko ake mulkin tsibiran nan. Jirgin ruwa ne ke kai-komo tsakanin Manila, babban birnin Filifin, da Akapulko a Meziko. Ka kai ƙarar gwamna wurin sarki a Madrid, kafin amsa ta iso wataƙila gwamnan ma ya riga mu gidan gaskiya. (dariya)

Na biyu, kuɗi. Gwamna José Basco ya zo a 1778, ya mayar da cinikin taba na gwamnati ita kaɗai. Manomin yankin Kagayan ya noma, gwamnati ta yanka farashi. Mu wuce.

Ni wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Gwamna Narciso Clavería. Wannan mutum! Ya zo a 1844 ya tarar kwanan watan Manila yana bayan na maƙwabta da kwana ɗaya cur, don da lissafin Meziko aka zo musu. Sai ya ce a goge rana guda. Aka kwanta Litinin 30 ga Disamba, aka tashi Laraba 1 ga Janairun 1845. Talata ta ɓata. Ta ɓata, wallahi! Wanda aka yi da shi zai biya bashi ran Talata, ai ya huta. (dariya)

Na huɗu, ko na uku ne? Sunaye dai. A 1849 ya ga rabin gari sunansu de la Cruz, rabi de los Santos, mai karɓar haraji ya rasa wa ya biya. Sai ya sa aka buga kundin sunayen iyali bisa jerin haruffa aka rarraba wa garuruwa. Shi ya sa har gobe a garin Oas sunaye da yawa da harafin R suke farawa.

Na'am, malama? Wa ke karɓar harajin? Madalla da tambayar nan. Ba Bature ba ne, ɗan ƙasa ne, cabeza de barangay, kamar a ce mai unguwa. Gidaje arba'in zuwa hamsin ke hannunsa. In wani ya gudu ko lissafi bai cika ba, daga aljihunsa zai cike. Shi ya sa wasu ke gudun sarautar.

An ɗago mini agogo. Mu tashi haka.