Darasi: Bambance Malam-buɗe-littafi Masu Kama da Juna a Dangin Sikifa Daga Hoto

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna kan dangin sikifa, wato Hesperiidae, ƙananan malam-buɗe-littafin nan masu ƙaton kai da kaurin jiki, waɗanda in sun tashi kafin ka ƙifta ido sun ɓace. Ba zan tsaya kan yadda ake raba su da faɗa-wuta ba, kun riga kun sani. Ku buɗe hotunanku a kwamfuta mu shiga aiki, waya ma ta yi, amma ni na fi son babban allo.

Ga biyu nan na jera su. Dukansu ruwan lemo, dukansu sun ɗaga fukafukan gaba sun shimfiɗa na baya, girmansu kusan ɗaya. Na hagu Thymelicus sylvestris ne, na dama Thymelicus lineola. Duka ana samunsu a Turai, sau da yawa ma a fili ɗaya, kan ciyawa ɗaya. Kamarsu ta kai a Ingila sai a 1889 aka gane cewa lineola ma yana ƙasar, duk da yana nan tun da can. To ina bambancin yake?

A ƙahon nan biyu na kansa yake. Ku kula sosai, don nan ne ake yawan faɗuwa. Ba saman ƙahon za ka duba ba, ƙasan bakinsa za ka duba, can ƙarshe inda ya kumbura. Na lineola baƙi ne wuluk, kamar an tsoma a tawada. Na sylvestris kuwa ruwan lemo ne mai ɗan duhu. Daga sama dukansu suna iya yin duhu, shi ya sa hoton da aka ɗauka ta sama, komai kyansa, ba ya raba gardama. Bari in zuƙo... a'a, ba wannan ba, wannan daga baya aka ɗauke shi. Yawwa, ga shi. Kun ga mai hoton ya durƙusa ya fuskanci ƙwaron ido da ido, kyamara ta ɗan yi ƙasa da kansa. Haka ake so. Sannan inuwa tana yaudara: ƙaho mai ruwan lemo in ya faɗa inuwar ganye sai ya koma baƙi. Ka ɗan ƙara hasken hoton ka sake dubawa, in launin lemo ya leƙo ko kaɗan, ka san ba lineola ba ne.

In namiji ne kun samu sauƙi. Akwai siririn baƙin layi a saman fiffiken gaba, wanda yake fitar da ƙamshin jawo mace. A sylvestris dogo ne, ya ɗan lanƙwasa ya karkata. A lineola gajere ne, miƙaƙƙe, yana bin gefen fiffiken na gaba. Mace ba ta da shi, sai ku koma ga ƙaho.

Wani sikifan mai kama da su, Ochlodes sylvanus, ba zai wahalar da ku ba: ya fi su girma, yana da dabbare-dabbare masu haske, bakin ƙahonsa kuma ya tanƙwara sarai.

Masu ɗaukar hoto a Afirka, ku ma kuna da irin wannan ciwon kan a Pelopidas, wani rukunin sikifa da ya haɗa da nau'o'in thrax da mathias. Namijin thrax layinsa fari-fari ne, na mathias kuma mai duhu.

Ni dai da sassafe nake fita, kafin jikinsu ya yi ɗumi, kuma ina saita kyamara ta riƙa ɗauka a jere. Hoto uku nake nema: sama, gefe don ƙasan fiffiken baya, sai fuska. Wanda bai danna alamar bibiya ba ya danna, darasi na gaba kan ruwan tabarau na ɗaukar ƙananan abubuwa ne.

Sai roƙona. In ƙwaron ya tsufa, launinsa ya koɗe, ko ƙahon bai fito ba, don Allah kada ka yi cinke. In za ka ɗora a iNaturalist, shafin intanet da ake tara hotunan halittu da sunayensu, rubuta Thymelicus kawai ka tsaya nan, saboda masu bincike suna amfani da waɗannan bayanan, suna na kuskure yana ɓata musu taswira. Akwai ma nau'o'in da ƙwararru ba sa iya rabawa sai sun duba al'aurar namijin a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Ku turo hotunan fuskar ƙwarin da kuka ɗauka, mu duba su tare a shiri na gaba. Sai an jima.