Amsoshin Tambayoyinku: Ƙara wa mota mai turbo ƙarfi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko yau daga wani bawan Allah ce mai Golf GTI ƙirar 2014, mai giyar hannu. Ya ce an gaya masa za a iya ƙara wa motar ƙarfi ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, shin gaskiya ne?

Malam, ba su yi maka ƙarya ba. Turbo hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya shi, fiye da sau 100,000 a minti, shi kuma ya cusa wa injin iska da ƙarfi. Kwamfutar motar ce ke ƙayyade yawan iskar, da fetur, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Kamfani kan bar rara saboda motar ta jure zafi da mai marar kyau. Wannan rarar ce masu sauya manhajar kwamfutar ke ci. Irin motarka ta fito da ƙarfin doki 220 daga inji mai lita 2, kuma da sauyin manhaja kaɗai takan doshi 300.

To amma fa abin da ba su gaya maka ba, kulocinka na doki 220 ne. Wata rana kana giya ta biyar, ka danna totur, sai ka ga allurar inji ta haura sama, ƙara ta ƙaru, motar kuwa tana nan yadda take. Kuloci ya fara zamewa ke nan. Sai zafi. Iska in aka matse ta zafi take ɗauka, shi ya sa aka sa mata na'urar sanyaya iska, wadda makanikai ke kira intakula. In ta yi wa sabon ƙarfin kaɗan, ka taka totur sau biyu uku a jere kwamfuta za ta janye ƙarfin da kanta don kada fistin ya ji jiki. Haka za ta yi in fetur ɗinka bai kai oktan ɗin da aka tsara manhajar a kai ba, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama wuta da kansa. In kuwa da sauran garanti, dillali na iya gano an taɓa ta.

Wata baiwar Allah ta ce ƙaninta ya matsa sai ya sa bawul ɗin nan mai yin "fishsh" in an saki totur, wai yana ƙara gudu. Hajiya, ƙara kawai yake ƙarawa. A motar da ke auna iska kafin turbo ma, yakan sa fetur ya yi yawa a lokacin sauya giya.

Na ƙarshe ya ce in zai ƙara wa motarsa ƙarfi, da me zai fara. Ni dai da ƙasa zan fara. Yawancin waɗannan ƙananan motoci tayoyin gaba ne ke ja, su ne kuma ke juya kan mota, ƙarfi in ya yi musu yawa sai su yi ta murzawa a wuri ɗaya. Taya mai kyau, birki da sabon mansa, sabbin fulogi, baƙin mai irin wanda kamfani ya ce. Sa'an nan a duba ko akwai tiyon da ke yoyon iska kafin kowa ya jona kwamfuta.